Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Riƙe da Ragamar Ilimi a Jihar Gombe Kan Yadda Ake Koyar da Lissafi

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, kuma a firamare na fara riƙe alli. Na rubuto wannan takarda ne da yawun wasu abokan aikina, maza da mata, da ke koyarwa a cikin garin Gombe da Kumo da Billiri da Bajoga da Dukku, da kuma yawun iyayen da ke tare mu a bakin ƙofar makaranta suna cewa, “Malam, wai me ke damun yaron nan ne da lissafi?” Mun zaɓi mu yi maganar a bainar jama'a saboda ba ta mutum ɗaya ba ce. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A watan Oktoban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa mai neman gurbin karatu a fannin adabi da makamantansa ba sai ya samu kiredit a lissafi ba. Daga baya aka fayyace cewa rubuta jarrabawar lissafin na nan daram ga kowane ɗalibi. Wannan hukunci yana da masu shi a Abuja, ba shi ya kawo mu ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne murnar da muka gani a fuskokin yara ranar da labarin ya bazu, har da 'yan aji ɗaya da ba su ma san fannin da za su zaɓa ba. Yaron da ya shekara shida ko tara yana zama a ajin lissafi, in aka ce masa wataƙila ya rabu da shi sai ya yi tsalle, to lallai akwai abin dubawa a cikin ajin nan. Kuma ajin a hannunku yake.

Kukanmu na farko shi ne an raba lambobi da hankali. Akwai wata yarinya da nake koyarwa, da yamma takan taya mahaifiyarta suyar awara a bakin layi. Na taɓa sayen ta naira 650 a wurinta, na miƙa mata dubu ɗaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba, hannu ɗaya na juya awara a kasko, ta ce hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu, ga ɗari uku da hamsin. Ba a jima ba na rubuta 1000 a ɗebe 650 a allo cikin aikin aji. Ta jera lambobin ɗaya bisa ɗaya yadda aka koya mata, a kowane layi ta cire ƙarami daga babba, ta rubuta 1650. Na ce, “'Yata, in na ba ki dubu ɗaya, canjin dubu ɗaya da ɗari shida da hamsin za ki ba ni?” Ta rufe baki tana dariya. “Haba Malam, ai wancan kuɗi ne. Wannan kuma na makaranta ne.”

Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Ta koyi darasin da muka koya mata ba tare da mun furta shi ba: cewa amsar da ake rubutawa a aji ba lallai ba ne ta yi daidai da hankali. Kada kuma a ɗauka ina yabon talla ne. Wurin yarinya makaranta ne. Amma tunda ta shigo mana da wannan basira, me ya sa muke sa ta ajiye ta a bakin ƙofa?

Masu bincike sun daɗe da ganin wannan abu. A 1985 Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa nazarin da suka yi kan yara masu sayar da kaya a titunan birnin Recife na ƙasar Birazil. An tambayi wani yaro kuɗin kwakwa goma, kowace ɗaya a kan 35. Bai yi amfani da dokar ƙara sifili ba, sai ya bi ta hanyarsa: uku 105, a ƙara uku 210, a ƙara wasu uku 315, a ɗora ɗaya 350. A wurin ciniki yaran sun samu kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin daidai. Da aka ba su lambobin nan tsirara a takarda, sai suka faɗo zuwa kusan kashi 37. Yara biyar ne kacal a wancan nazari, don haka mai shakka yana da hujjar yin shakka. To amma a 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi kan yara fiye da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, kuma abin da aka gani a Recife shi ya sake bayyana. Sun kuma ga ɗaya fuskar, wadda ta fi tayar mana da hankali: a cikin 'yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba, kashi 1 cikin ɗari ne kawai suka iya warware wata tambayar kasuwa da fiye da sulusin yaran kasuwar suka warware. Wato na kasuwa ba ya iya shigo da basirarsa aji, na aji kuma ba ya iya fita da tasa kasuwa. Babu gada a tsakani, kuma gina ta aikin makaranta ne.

Kuka na biyu ya shafi tambayoyin da ake kira na rayuwar yau da kullum a littattafanmu. Da yawansu labari ne kawai aka yafa wa lissafi. Har yanzu ana samun littafin da ake sayar da biredi da kwabo a cikinsa, ga sunayen kayan marmarin da yaron Nafada bai taɓa gani ba. Yaro ya gane da wuri cewa labarin ba shi da amfani, sai ya tsallake shi, ya tsamo lambobin, ya tara ko ya ninka. A Faransa, wajajen 1980, masu bincike a birnin Grenoble sun tambayi yaran firamare cewa akwai tumaki 26 da awaki 10 a cikin jirgin ruwa, shekarun matuƙin nawa? Mafi yawansu sun ba da amsa, da dama suka ce 36. A Amurka ma, a wata jarrabawar ƙasa da aka fitar da sakamakonta a 1983, an tambayi 'yan shekara 13: sojoji 1,128 za a kwasa, kowace mota na ɗaukar 36, motoci nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 ne kawai suka ce motoci 32. Waɗanda suka rubuta “31 saura 12” sun fi su yawa. Ku je tashar mota ku faɗa wa ɗan kamasho ya kawo muku mota 31 saura 12, ku ji amsar da zai ba ku. Duk malamin da ya gwada irin wannan tambaya a ajinsa a nan Gombe ya san mu ma ba mu tsira ba.

Illar wannan ba a takardar sakamako take tsayawa ba. Tana bin yaro har gona. Jikin kwalbar maganin feshi ya ce kaza ga hekta ɗaya, tankin da ke bayansa kuma na lita 16 ne ko 20, gonar ba ta kai hekta ba. Nawa zai zuba? In bai iya wannan tunani ba, ko ya ƙona shukar ko ya yi asarar kuɗin magani. Buhun takin NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na sinadarin naitirojin, buhun yuriya kuma yana ɗauke da kilo 23, sai dai shi ba shi da sauran sinadarai biyu da ke cikin NPK. Manomin shinkafa a Dadin Kowa da ya fahimci wannan ya san abin da yake saye da lokacin da ya kamata ya saya. Haka uwar da za ta auna wa jariri maganin ruwa, da mai POS da ke lissafin cajinsa, da matashin da manhajar ba da bashi a waya ke gaya masa ruwan kaɗan ne a mako, bai iya mayar da shi na shekara ba.

Na uku, jarrabawa da masu duba makarantu. Malami abin da za a tambaye shi yake koyarwa, wannan ba laifi ba ne, neman tsira ne. Jarrabawar ƙarshen zango ta koma canki-canka, a zaɓi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya yi tunani da wanda ya leƙa takardar maƙwabci maki ɗaya suke samu. In jami'in duba makarantu ya zo, littafin shirin darasi yake buɗewa ya ga ko an kai inda sikim, wato jadawalin darussan zango, ya ce a kai. Ba kasafai yake zama a bayan aji ya ce wa yaro “yaya aka yi ka samu wannan amsar?” ba. Malamar da ta tsaya mako guda tana sa yara su yi gardama kan tambaya ɗaya, ita ce za a rubuta cewa tana baya. Ga kuma cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku da kanku kun san ajujuwan da suka ninka haka.

Na huɗu harshe ne, kuma ba za mu tsawaita ba. Yara da yawa da ake cewa sun faɗi lissafi, a karatun Turanci suka faɗi. In ka karanta musu tambayar da Hausa, sai ka ga hannaye sun tashi sama. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci a duk shekaru shida na firamare, ya nuna ba su yi asarar komai ba, har a Turancin. Mun san jiharmu ta tara harsuna: Fulatanci, Tangale, Tera, Waja, Bolanci, Tula da sauransu, kuma mun san da Turanci za a rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Amma tunani da harshen da mutum ya iya ake fara yin sa.

Kuka na biyar shi ne binciken da ake yi a kanmu ba ya dawowa gare mu. Ɗaliban digiri sukan zo da takardar izini, a raba musu aji biyu, ɗaya a koyar da shi da sabuwar hanya na 'yan makonni, ɗayan a bar shi yadda yake. Su tattara maki su tafi. Kundin ya shiga kanta ya sha ƙura. Malamin da ya ba da ajinsa ko shafi ɗaya ba ya gani. Kusan kullum kuma sabuwar hanya ce ke cin nasara, abin da ya kamata ya sa mu yi tambaya: hanyar ce ta yi aiki, ko kuwa zumuɗin baƙon malami ne mai ƙaramin aji da kayan aiki? Ba wanda ke dawowa bayan shekara ya ga abin da ya rage a kan yaran.

Ranku ya daɗe, kada a fahimce mu da cewa a zuba mudu da buhu a kowace tambaya shi ke nan an gama. Binciken bai faɗi haka ba. Hans Freudenthal, wanda ya kafa cibiyar nazarin koyar da lissafi a birnin Utrecht na ƙasar Holan a 1971, ra'ayinsa shi ne lissafi aiki ne da ɗan Adam ke yi, don haka a fara da matsalar da yaro zai iya hango ta a ransa, a bar shi ya lalubo hanyarsa, malami na yi masa jagora mataki-mataki har ya iso ga ƙa'idar da ke cikin littafi. Ƙa'idar ita ce masauki, ba a jefar da ita. Indonesiya ta ɗauki wannan tsari ta gyara shi daidai da al'adunta. Singafo kuma tun shekarun 1980 take bin matakai uku: abin da ake taɓawa da hannu, sai zane, sai lambobi da haruffa. Akwai kuma gargaɗi. Wani gwaji da aka buga a mujallar Science a 2008 ya nuna ɗaliban jami'ar da aka koya wa wata ƙa'ida da alamomi zalla sun fi iya amfani da ita a sabon wuri a kan waɗanda aka koya musu da misalai na zahiri. An yi ta muhawara a kan wannan sakamako, amma darasinsa ya zauna: yaron da aka bari a cikin misali ɗaya, a nan zai maƙale. Barry Cooper da Máiréad Dunne kuma sun gano a Ingila cewa 'ya'yan talakawa sun fi faɗuwa a tambayoyin da aka yi wa ado da labarin rayuwa, domin sukan ɗauki labarin da gaske, su amsa da abin da suka sani a gida, alhali mai jarrabawa wani abu daban yake nema.

Bari in nuna abin da muke nufi da darasin da wasunmu ke gwadawa. Malami ya ce: wani ɗan kasuwa ya sayo buhun masara a kasuwar Tudun Hatsi, zai sayar mudu-mudu a unguwa. Nawa zai sa wa mudu kada ya faɗi? Ba a ba da lamba ko ɗaya ba. Aji yakan yi tsit. Can sai wani ya ce, “Malam, ai ba ka faɗi kuɗin buhun ba.” Wata ta ce mudu nawa ne a ciki. Wani daga baya ya ce ai mudun ma iri-iri ne, kuma wanda aka cika ya yi tozo ba ɗaya yake da wanda aka share bakinsa ba. Sai a tuno da kuɗin ɗan dako da na mota. Akwai ranar da wani yaro da ba ya magana a aji ya ce a cire kuɗin buhun da babu komai a ciki, tunda shi ma sayar da shi ake yi. Washegari su zo da farashin da suka tambayo a gida. A zana jadawali: in buhu ya kai kaza, mudu kaza. A canja farashi a sake. In sun gaji da maimaitawa, su da kansu suke neman gajeriyar hanya, a nan ne harafi ke shigowa ya tsaya a madadin farashi, kuma ba wanda ke tambayar daga ina ya fito. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: a kawo tela da ya sayi bandir zai sayar yadi-yadi, su gane ginin lissafin ɗaya ne, daga nan a cire labarin gaba ɗaya a bar su da haruffa.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, babban kaso na cikinsa matsalolin gado da wasiyya ne. Malaman zaure har gobe suna aiki da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. In mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, rabin da miji zai samu da sulusi biyu na 'yan'uwan sun haura dukiyar, sai a ɗaga asalin rabon daga 6 zuwa 7 kowa ya ɗan rage. Wane misalin kaso ne a littafin aji ya kai wannan zurfi? Ga zakkar hatsi, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Ga ushirin da 'yan'uwanmu Kirista ke fitarwa a coci, ga adashin iyayenmu mata. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan jadawalin lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya, masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Yaranmu ba su taɓa jin sunansa a aji ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

A fara da jarrabawar da jiha ke shiryawa da kanta, musamman ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare da ta ƙarshen zango. A ware wani kaso na maki ga bayanin hanya, a kuma sa tambayoyin da za a ce wa ɗalibi: ga amsar da wani ya bayar, ta yi daidai da hankali ko a'a, kawo hujja. Ranar da aka yi haka, koyarwa za ta canja ba tare da an rubuta wa kowa takardar umarni ba. Wannan ita ce babbar buƙatarmu, kuma ba ta cin kuɗi.

A tara malamai daga ƙananan hukumomi 11 na jihar su rubuta tambayoyi daga abin da ke kewaye da su: noman rani, kiwo, gini, ɗinki, sufuri, awon fili. A gwada kowace tambaya a aji na gaske kafin a buga ta. A bar gurbin farashi a buɗe, tunda farashin yau ba na gobe ba ne, yara su cike. A buga da Turanci da Hausa gefe da gefe, inda kuma aka samu masu iya rubuta sauran harsunanmu a ba su dama.

Kuɗin da ake kashewa a bitar kwana biyu a otal, inda ake karanta mana takarda mu sa hannu mu karɓi alawus, a karkatar da wani ɓangarensa zuwa makarantu. A Japan malamai kan shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna suna kallon yadda yara ke tunani, bayan an tashi su tattauna su gyara. Makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna za su iya yin haka sau ɗaya a wata.

Muna da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, da Kwalejin Ilimi ta Billiri. A zauna da su a yi yarjejeniya: duk wanda aka ba izinin bincike a makarantar gwamnati ya dawo da taƙaitaccen sakamako mai shafi biyu cikin harshe mai sauƙi, ya miƙa wa malaman da suka ba shi aji. A kuma ɗauki nauyin ko da bincike ɗaya ne da zai bi yara na tsawon shekaru biyu ko uku, a ajujuwanmu yadda suke, da cunkosonsu da malamansu na kullum.

A ba jami'an duba makarantu umarnin su riƙa zama har ƙarshen darasi, su tambayi yara uku ko huɗu yadda suka samu amsa, su rubuta abin da suka ji. A haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako domin irin wannan aiki, don minti arba'in ba ya isa. Sai kayan awo: tef, sikeli, mudu, kwalba mai alamar lita. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na fentin aji guda ba.

Mu a namu ɓangaren mun riga mun fara tara tambayoyin da muka gwada, da amsoshin yara yadda suka rubuta su, masu kyau da marasa kyau. Duk ranar da kuka neme mu za mu kawo su ofis, ko kuma ku turo wakili ya zauna a ajinmu ba tare da an sanar da mu zuwansa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin lissafi, a madadin abokan aikinsa
Gombe